Yadda Aka Saki Alidu

A Maamobi, unguwarmu ta nan birnin Ankara, an taɓa sakin namiji a ƙofar masallaci, da rana tsaka, manya masu rawani suna tsaye suna shaida. Ina wurin. Duk wanda ya ce muku ba a yi ba, ku tambaye shi inda ya tsaya ranar, don ni na san inda kowa ya tsaya.

Zamanin soja ne, lokacin da sabulu da madarar gwangwani suka ɓace daga kantunan Ankara, samari kowa bakinsa Legas. Ni ina sayar da koko da ƙosai a bakin titi, kusa da babbar kwata. A gefena akwai teburin Zuera, 'yar Alhaji Iddi mai goro, tana sayar wa uwarta wake da shinkafa. Yarinya ce baƙa siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta harare ka sai ka duba ko rigarka ta yage. An riga an kai gaisuwarta, an kai kaya, an sa biki bayan babbar Sallah. Wanda za ta aura shi ne Alidu, mai tsaron shagon kayan mota a Abossey Okai. Maraya ne, ƙanen ubansa Baba Inusah ne ya riƙe shi tun yana rarrafe. Fuskarsa ba ko gashi ɗaya, ga zara-zaran gashin ido, ga murya ƙasa-ƙasa kamar kullum a gaban suruki yake. Abin da ya ja masa ke nan.

Akwai wani malamin makarantar boko a unguwarmu, Falalu, mai yawo da littattafan soyayya na Turawa a hammata. Ya je ya kalli 'yan konsat, waɗannan masu wasa a kan dandali da maza ke ɗaura zane su yi rawar mata, sai ya dawo ya ce mu ma Zongo ba za a bar mu a baya ba. Ya tara samari, ya ce zai shirya wasa da ƙaramar Sallah.

Labarin da ya ƙirƙiro, ni tun ranar da na ji shi na ce kwamacala ce. Wai Sarkin Aljanun Teku da Sarkin Aljanun Dutse sun gaji da yaƙi, suka lashi gishiri suka rantse cewa 'ya'yansu na fari za su auri juna, wanda ya karya rantsuwa garinsa ya zama toka. Sai Allah ya ba kowannensu ɗa namiji. Sarkin Teku ya ɓoye, ya tashi nasa ɗan cikin zane da lulluɓi, aka ce gimbiya ce. Yariman Dutse ya hango ta a bakin ruwa, ya kasa cin abinci, ya yi ta waƙa. Ranar ɗaurin aure, kafin a shafa Fatiha, wani ifiritu zai faɗo daga sama ya yaye lulluɓin, asiri ya tonu, yarimomin biyu su rungume juna su zama aminai, yaƙi ya ƙare. Na tambayi Falalu, to duk waƙar da yaron mutane ya yi a bakin ruwa fa, ina za a kai ta? Ya ce ni ban san fasaha ba.

Yariman Dutse ba a sha wuyar samunsa ba. Garuba direban tasi ya ce shi ne, tun kafin a tambaye shi. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, irin waɗanda suke dariya kafin su gama ba da labari. Gimbiya ce aka rasa. Duk saurayin da aka taɓa sai ya ce uwarsa za ta tsine masa. Suka yi ta bin Alidu har shago, wai don unguwa zai yi, wai ai a labarin ma namiji ne, lulluɓi kawai zai sa. Shi kuma bai iya cewa a'a ba, ko mai bin bashin da ba shi ya ci ba ya tsare shi sai ya ba da haƙuri. Zuera da kanta ta ara masa zanenta na Sallah, ta zauna a bayan teburina ta sa masa kwalli, tana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ranar.

Falalu mutum ne mai son abu ya yi kamar gaske. Don haka ya sa Baba Inusah ya zama Sarkin Teku, saboda yana da tumbi da babbar riga. Ya roƙi Alhaji Iddi goro, Alhaji ya ba da huhu guda, ya ce ai surukinsa na ciki. Sannan ya je ya ɗauko Malam Jalilu, na'ibin masallacinmu, ya ce shi zai ɗaura auren. Malam Jalilu kuwa duk Ankara an san shi. Ran Lahadi sai ya ɗaura aure a Nima, ya ɗaura a Sabon Zongo, ya kama mota ya cimma na unguwar Madina, tuwo bai huce ba. In ka sunkuya gyara takalmi, kafin ka ɗago an gama. An yi masa bayani sarai cewa wasa ne, ya ja abin a hankali har ifiritu ya faɗo. Ya ce to, amma a sani ana jiransa a wata walima.

Aka yi wasan bayan la'asar a filin makaranta, a kan benci da aka jera aka shimfiɗa katako. Mutane maƙil, har bisa katanga. Da Alidu ya fito cikin lulluɓi yana tafiyar nan da aka koya masa, wallahi wani tsoho kusa da ni ya tambaya 'yar gidan wa ce. Garuba ya yi waƙarsa, muryar kamar ana jan buhu a kan siminti, aka tafa.

Ifiritun wani dogon kwandasta ne da aka naɗe da tsummoki da igiyar kaba, aka ɗora shi a kan rufin aji da igiya a ƙugu. Da lokaci ya yi, ya yunƙura zai sauko, sai ƙusar kwano ta kama shi ta baya. Muna ganin ƙafafunsa suna harbin iska, muka ɗauka cikin wasan ne. Falalu na ɗaga wa Malam hannu ya dakata, Malam kuwa bakinsa ya riga ya hau hanyar da ya saba. Ya tambayi waliyyi. Baba Inusah ya manta dogon sunan Larabcin da aka raɗa wa gimbiya, ya yi ta zufa, sai ya ce, "Na ba shi. Wannan dai da na riƙe tun rasuwar wana, na ba shi."

Garuba ya buga ƙirji ya ce ya karɓa. Aka ajiye sadaki a ƙulle cikin hankici. Malam ya ce shaidu sun shaida? Fili duka ya amsa. Ya ce Fatiha, muka ɗaga hannu muka shafa, don hannu ba ya tambaya in ya ji Fatiha. Alhaji Iddi yana kujerar gaba, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙara. Aka raba goro aka ci. Malam ya sa takalminsa ya tafi walima. Sai bayan nan ifiritu ya faɗo, rabin wandonsa na can a kan rufi, ya yaye lulluɓi yana ihu kada a ɗaura. Aka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa, kowa ya koma gida yana cewa Falalu ya iya.

Da abin ya tsaya nan, da ban ɓata takarda ba.

Juma'ar da ta biyo, wani matashin malami da bai daɗe da dawowa daga karatu ba ya yi wa'azi a kan wasan. Faɗa yake yi, yana cewa aure ba abin wasa ba ne, ko da wasa aka ɗaura shi ɗauruwa yake. Ya kuma ce tsakanin namiji da namiji babu aure ko kaɗan, amma wannan rabin babu wanda ya ɗauka ya kai gida. Kafin magariba magana ta zaga Maamobi ta tsallaka Nima: akwai waliyyi na gaske, akwai malami na gaske, akwai sadaki, akwai shaidu, an ci goro. Me ya rage?

Liman ya ce babu abin da ya ɗauru, kowa ya yi istigfari ya kama harkarsa. Malam Jalilu ya rantse shi bai ɗaura komai ba, bakinsa ne kawai ya yi aikinsa. Duk wani mai ilimi da aka tambaya amsarsa ɗaya. Amma mutanen Zongo ba amsa suke nema ba. Shekara ce ta wahala, ba sukari, ba sabulu, sai ga nama ya faɗo musu kyauta.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne yadda aka raba dariyar. Mutum biyu suka hau katakon nan, amma ɗaya aka ci. Garuba kwana biyun farko ya ɓuya, yana tsoron abin da za a ce. Da ya leƙo ya ga shi ango ake kiransa, ana saya masa shayi, sai ya baje. Ya riƙa ɗaukar fasinja ya bi da su ta Abossey Okai ko ba hanyarsu ba ce, ya tsaya a ƙofar shagon ya danna ham, ya leƙo da kai yana tambayar makanikai ko amaryarsa ta yi girki. Su kuma su fashe. Yara suka sa waƙa. Matan da suka haifi 'ya'ya maza, waɗanda ya kamata su ji wani abu a cikinsu, su ne in Alidu ya wuce sai su ce masa ina kwana amarya, ya gajiyar biki. Wata Hajiya da ba zan ambaci sunanta ba saboda jikokinta suna karatu, a gabana ta tambaye shi ko ya fara jin tashin zuciya da safe. Ta gama ta ja carbinta.

Alidu ya daina bin titi. Ta bayan gidaje yake ratsawa, yana tsallake kwata, don ya zo ya ga Zuera.

Sai Alhaji Iddi ya aika aka kira Baba Inusah. Ya ce shi ya ji abin da Liman ya ce, bai musa ba. Amma shi ɗan kasuwa ne, da mutunci yake ciniki, ba zai ba da 'yarsa ga wanda gari ke cewa akwai igiya a kansa ba. In ana son biki ya tabbata, Garuba ya fito gaban jama'a ya saki yaron, kowa ya ji, magana ta mutu. In ba haka ba a zo a kwashe kaya. Baba Inusah ya so ya tuna masa goron wa aka ci a wurin, amma mai nema ba ya ɗaga murya, ya ce to.

Washegari da safe Alidu ya zo ya tsuguna a bayan tukunyar kokona, inda ba a hango shi daga titi. Ni ina juya ƙosai, kunnena kuwa ba ya juya komai.

"Kada ka je," in ji Zuera. Ba ta ko kalle shi ba, tana zuba wa wani wake.

"Babanki ya ce in ban je ba a kwashe kaya."

"Baba zai gaji. Ni ba zan gaji ba."

"Ke ba ki bin titi a kira ki abin da ake kirana."

"In ka je ka tsaya a gabansu, ka yarda ke nan an ɗaura."

"To ya zan yi, Zuera?"

Ta rufe tukunya, ta buɗe, ta sake rufewa. Na zuba masa koko, bai sha ba.

Alidu ya zaɓi ya bi maganar uban Zuera. Kuma a nan ne Garuba ya nuna irin nonon da ya sha. Alidu ya je ya same shi a tasha, ya ce cale, abokina, taimake ni ka faɗi kalmar nan mu huta. Garuba ya ce shi bai ga laifin matarsa ba, a kan me zai sake ta? Direbobi suka kwanta da dariya. Ya koma, Garuba ya ce sai ya yi shawara da magabatansa. Ya sake komawa, aka ce ya tafi Kumasi, alhali motarsa na ajiye a bayan masallaci. Wannan fa abokinsa ne, tare suka yi makarantar allo, tare aka yi musu kaciya. Sai da Baba Inusah ya bi dare ya bi rana, aka samo wa tasin Garuba wani ƙarfe na ƙafa da ya daɗe yana nema, aka ɗaura masa kyauta, sannan ya ce ya haƙura zai saki.

Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko. Liman ya ce shi ba ya cikin wannan shirme, ya shige gida ya rufe ƙofa. Ban ga wanda ya bi shi ba. Jama'ar da ta taru ta fi ta ranar wasan. Har matan ƙabilar Ga masu sayar da tuwon dokunu sun bar kwandunansu sun zo, suna tambaya me Hausawa ke yi yau. Mai sayar da ƙanƙara ya yi ciniki. Ni na tsaya jikin bishiyar da ake ɗaure raguna, Zuera kuwa ba ta zo ba, tana teburinta.

Garuba ya iso a makare, sanye da rigar yariman da ya yi wasa da ita, har da rawanin. Alidu na tsaye da farar riga wankakkiya, hannu a baya. Wani ya ce ai ba a sakin mace a tsaye, ya durƙusa. Alidu ya dubi Alhaji Iddi. Alhaji ya sa ido a kan carbinsa. Sai yaron ya durƙusa a kan ƙasar da mutane suka gama tofa ruwan alwala.

Garuba ya gyara murya, ya zaga shi sau ɗaya kamar mai taya rago, ya ce ya sake shi. Aka ce ɗaya bai isa ba, zai iya mai da ita, ya cika. Ya dafa ƙirji wai zuciyarsa ba za ta iya ba, aka roƙe shi, ya ƙara. Ya goge hawayen ƙarya da gefen rawani, ya cika na ukun. Wata ta rangaɗa guɗa. Wani daga kan katanga ya ce saura idda, kada a ɗaura mata wani sai ta yi wata uku. Dattawan da ke sahun gaba, masu furfura, masu tabon sallah a goshi, na ga kafaɗunsu suna rawa. Yawu ya cika mini baki, na juya na tofar, ya sauka kusa da takalmin wani Alhaji, ban ba shi haƙuri ba.

Alidu ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa. Bai kalli kowa ba, ya taka har gaban Alhaji Iddi ya rusuna.

"Baba, na yi."

"Na gani," in ji Alhaji. "Je ka gida, za ka ji saƙo."

Saƙon bai kwana biyu ba. Alhaji ya aika wa Baba Inusah cewa da can jita-jita yake ji, yana kore ta. Yanzu kuwa da idonsa ya ga namiji ya durƙusa an sake shi a gaban duniya, kuma wanda ba a aura ba ai ba a sakinsa. Shi ba zai haɗa jini da abin da za a riƙa nuna jikokinsa da shi ba. A yi haƙuri, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Daga baya na ji a bakin mai yi musu wanki cewa tun ranar wa'azin nan Alhaji ya gama yanke shawara, ya kafa sharaɗin ne don ya tabbata Garuba ba zai yarda ba, ko yaron ba zai iya ba. Da suka ba shi mamaki sai ya juya rigar.

Uwar Zuera ta aiko in zo cikin matan da za su mai da kaya, tun da ina cikin waɗanda suka kawo. Na ce wuyana na ciwo. Aka samu wasu, wuyansu lafiya lau, suka jera da akwatuna a ka suka bi ta babban titi, ba ta lungu ba, don kowa ya gani. Zuera tana tsaye suka wuce ta gaban teburinta. Ta bi akwatunan da ido har suka sha kwana, sannan ta tambayi mai sayen da ke gabanta ko a sa masa taliya.

Ta yi rigima a gida, na sani, don bangonsu da na ƙanwata ɗaya ne. Ta daina cin abinci, ta ce wa uban shi ya ba da goron, shi ya fi kowa amin. Ya ce in ta sake faɗa sai ya sa mata baki. Ta aika wa Alidu ya zo su yi magana. Bai zo ba. Ta sake aikawa, ya ce a gaya mata ba shi da fuskar da zai kawo mata.

Kafin babbar Sallah ya bar shagon. Wata safiya na gan shi a tasha da jaka ɗaya, zai shiga motar Legas. Baba Inusah na riƙe da hannunsa yana ta magana, shi yana kallon taya. Na kai masa ƙosai a takarda, ya karɓa ya ce na gode Mma. Da motar ta tashi, wani kwandasta ya buga gefenta ya ce amarya a sauka lafiya. Motar ta bi ta gaban teburin Zuera, don ba wata hanya. Alidu yana zaune ta wancan gefen, ban sani ba ko ya zaɓa ne ko nan ya samu wuri.

Ko da aka koro mutanenmu daga Legas suka dawo cike da jirgin ruwa, na duba, ba ya ciki. Zuera ta daɗe ba ta kula kowa ba, daga baya ta auri wani mai gyaran rediyo suka koma Tamale. Garuba ya yi aure, ya yi tumbi, ya je Makka. Har yanzu in an zauna wurin suna ko sadakar bakwai sai wani ya ce Alhaji Garuba ba mu labarin matarka ta fari, shi kuma ya gyara zama. In ya fara, ni dai ɗaukar takalmina nake yi.